Fayil ɗin majinyaci a kwamfuta: wane bincike ɗan jarida zai ɗauka?

Zainab:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman agajin likitoci da masana ƙididdiga da ke cikinmu. An ba ni aikin rahoto a kan mayar da fayil ɗin majinyata daga takarda zuwa kwamfuta, shin yana kare majinyaci daga kuskuren asibiti ko kuwa. Na shiga karatu, kaina ya ɗaure. A 1998 David Bates da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar JAMA cewa a asibitin Brigham na Boston, da likitoci suka koma rubuta magani ta kwamfuta, manyan kurakuran magani sun ragu da kashi 55 cikin 100. A 2005 kuma mujallar Pediatrics ta fito da wani binciken daga asibitin yara na Pittsburgh, cewa bayan an kafa irin wannan tsari mace-macen yara sun tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.57. Duka a Amurka, duka likitoci ne suka yi, duka a mujallun da ake ji da su. Wanne zan ɗauka? Editana kanun labari mai fuska ɗaya yake so.

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Na biyun mana. "Kwamfuta ta ninka mutuwar yara a asibiti." Wa zai ga wannan ya wuce?

Hajiya Rabi:
Sadiq, irin wannan ne ya sa likitoci ba sa ɗaga mana waya. Zainab 'yata, dakata Dokta Bashir ya fito, fanninsa ne.

Dokta Bashir:
Hajiya ina gaisuwa. Malama Zainab, binciken Pittsburgh ba ƙarya ba ne, amma kafin ki ɗauki adadin ki san waɗanne yara ake nufi. Ba duk yaran asibitin ba ne. Yara 1,942 ne da aka ɗebo daga wasu asibitoci don jikinsu ya fi ƙarfin inda suke, irin waɗanda jinkirin minti goma ma ke iya zama ajalinsu.

Sannan ki karanta inda marubutan suka bayyana yadda aka kafa tsarin, don a nan gizo ke saƙa. A watan Oktoban 2002 aka kunna shi a duk asibitin cikin kwana shida. A da, tun yaro yana hanya, likitan da ke jiransa zai rubuta magunguna da gwaje-gwaje, a haɗa komai kafin a iso. Sabon tsarin bai yarda a rubuta wa yaro komai ba sai ya shigo an yi masa rajista. A daidai lokacin kuma aka kwashe magungunan da ke ajiye a sashen kulawa ta musamman aka mayar babban ɗakin magani, nas ba ta iya miƙa hannu ta ɗauko. Abin da likita ke rubutawa a takarda cikin 'yan daƙiƙu ya koma danne-dannen minti ɗaya zuwa biyu a kowane umarni, har ya zama likita ɗaya yana kan yaro, ɗaya yana zaune gaban allo ba abin da yake sai shigar da umarni.

A 2006 asibitin yara na Seattle ya wallafa nasa a mujallar nan dai. Manhajar kamfani ɗaya ce, Cerner. Su sun shirya jerin umarnin gaggawa tun kafin ranar kunnawa, kuma mace-mace ba su ƙaru ba. A 2010 asibitin yara na Stanford ya ce nasa ma raguwa suka yi da kashi 20. To in kika rubuta cewa kwamfuta na kashe yara, Seattle za ta ƙaryata ki. In kika rubuta tana cetonsu, Pittsburgh na nan. Abin da aka gwada a kowane wuri ba manhaja ce tsura ba. Manhaja ce haɗe da yadda aka saita ta, da dokokin da asibiti ya sauya a ranar, da irin horon da aka ba ma'aikata.

Sadiq:
To ai duk wannan ba zai shiga kanun labari ba, Dokta.

Malam Nuhu:
Ba dole ba ne ya shiga. Dokta ya gama da ɓangaren asibiti, bari in taɓa na lissafi. Pittsburgh sun kwatanta wata 13 kafin tsarin da wata 5 bayansa. Watanni biyar ɗin nan sun faɗa lokacin sanyi a can, lokacin da cututtukan numfashi ke kwantar da yara. Marubutan sun daidaita lissafinsu da tsananin ciwon kowane yaro kuma bambancin bai ɓace ba, a ba su wannan. Amma binciken da ya tsaya kan "ga jiya, ga yau" a asibiti ɗaya ba ya iya rantsuwa cewa abu kaza ne sanadi, don abubuwa da yawa ke sauyawa tare.

Na Stanford ma fa asibiti ɗaya ne, kafin da bayan, ko da yake sun fi zurfafa lissafi. Na sha ganin masu son kwamfuta suna yaga na Pittsburgh saboda tsarin bincikensa, su juya su rungumi na Stanford ba tambaya. Ma'auni ɗaya ake sa wa kowa.

Sai kashi 55 ɗin Bates. Zainab, buɗe takardar ki ga abin da aka ƙirga. Abu biyu aka haɗa wuri guda: kuskuren da ya cutar da majinyaci, da kuskuren da ba wanda ya tare shi, zai iya cutarwa, amma Allah ya kiyaye. Na biyun ne ya faɗi da kashi 84. Na farkon, wato cutarwa ta zahiri da za a iya kauce mata, da kashi 17 ya ragu, kuma a ƙididdiga ragin bai kai a cire shakkar cewa dace ne kawai ba. Duk wanda ya rubuta cewa cutar da majinyata ta ragu da fiye da rabi ya sa wa binciken magana a baki.

Dokta Bashir:
Malam Nuhu, a nan zan ɗan ja da kai. Cutarwa daga magani ba ta da yawan da za a ga ta motsa a binciken 'yan watanni. In muka ce sai mun ga gawa ta ragu kafin mu yarda da gyara, ba abin da za mu taɓa gyarawa. Kuskuren da ya tsallake wannan yau, gobe zai kayar da wancan.

Malam Nuhu:
Ban ce kada a ƙirga shi ba, ranka ya daɗe. Kuskure ya ragu, an nuna. Cutarwa ta ragu, wannan binciken bai tabbatar ba. Mai karatu ya cancanci jin duka biyun, shi ke nan.

Sista Hauwa:
Ina bin ku tun ɗazu. Ku masu takardu kuna ƙirga kuskuren da kwamfuta ta tare, ni ina so a ƙirga wanda take haifarwa. Na yi aikin dare a wani asibiti mai irin wannan tsarin. Za ki buɗe fayil ɗin mutum don ki ba shi magani, akwatin gargaɗi ya faɗo: magungunan nan biyu ba sa jituwa. Alhali shekara da shekaru yana shan su tare, likitansa ya sani. Ki rufe. Wani ya faɗo: jikinsa ba ya karɓar magani kaza. Ki bincika, ashe wani ne ya taɓa rubuta cewa ya yi tashin zuciya sau ɗaya. Ki rufe. Wani ya faɗo wai an maimaita umarni, alhali ɗaya na safe ne ɗaya na dare. Kafin tsakar dare yatsanki ya riga idonki, kina rufewa ba ki karanta ba. Karen da ke haushi dare da rana, ran da ɓarawo ya shigo ba mai tashi. Kuma duk launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, da wanda zai kashe mutum da wanda ba komai.

Aminu Famasi:
Anti Hauwa, abin da kika faɗa an auna shi. Wani nazari na 2006 da ya tattara binciken da aka yi kafinsa ya gano ana tsallake daga kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin magani. A 2005 kuma Ross Koppel ya zauna da likitoci da nas-nas a wani asibitin koyarwa na Pennsylvania, ya lissafo hanyoyi 22 da tsarin da kansa ke buɗe wa kuskure ƙofa.

Bari in ba Zainab misali guda da za ta gani da idonta. Shekarar 2013, asibitin yara na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. Yaro ɗan shekara 16, nauyinsa kilo 38.6, yana shan Septra, wato irin Septrin, ƙwaya ɗaya mai miligiram 160 sau biyu a rana. Dokar asibitin ita ce yaron da bai kai kilo 40 ba a rubuta masa magani gwargwadon nauyinsa, miligiram kaza a kowane kilo. Likitar ta rubuta haka, lissafin bai faɗa daidai kan ƙwaya ɗaya ba, sai ɗakin magani ya aiko mata ta gyara ta sa 160. Ta koma ta rubuta 160. Amma allon yana nan a kan "kowane kilo", bai koma miligiram zalla ba. Kwamfuta ta ninka 160 da nauyin yaron, ta fitar da ƙwaya 38 da rabi.

Gargaɗi ya fito wa likitar, ta rufe. Ya fito wa mai haɗa magani, wanda ake ta katse masa aiki da waya da masu zuwa taga, ya rufe. Na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi ta ƙirga ta ƙunsa, ita ba ta tambaya. Nas ɗin da ke kan yaron aro aka yi ta daga wani sashe. Zuciyarta ta ɗarsa, amma da ta haska lambar ƙwaya ta farko, na'ura ta nuna mata da saura. Ta ci gaba da haskawa har ta cika, kwamfuta ta ce daidai. Yaron ya shanye, daga baya ya kama jijjiga, numfashinsa ya tsaya, aka samu aka ceto shi. Dokta Robert Wachter na jami'ar ne ya ba da labarin dalla-dalla a 2015. Ni da nake wannan sana'a, da wuya in zuba ƙwaya 38 da hannuna don yaro ɗaya ban tsaya na ɗaga waya ba.

Zainab:
Innalillahi. Wannan kaɗai ya ishe ni buɗe rahoto.

Hajiya Rabi:
Ki buɗe da shi in kina so, yana kama zuciya. Amma labari ɗaya ba ya gaya miki sau nawa abin ke faruwa. Ki kawo shi don mai karatu ya ga yadda kuskure ke bi ta hannun mutum uku da na'ura biyu ba a tare shi ba. Kada ki mayar da shi hujjar cewa kuskuren yanzu ya fi na da yawa.

Injiniya Kabiru:
Na gode Hajiya, don har na fara jin kamar a kotu nake. Kafa waɗannan manhajoji shi ne abincina, sai ku auna maganata da wannan. Malam Aminu ya ce da hannu ba zai zuba ƙwaya 38 ba, na yarda. Amma a takarda mutum nawa aka ba maganin da ba nasu ba don rubutun likita bai karantu ba? Sau nawa ɗigo ya ɓace, 1.0 ya zama 10? Fayil nawa ya ɓata ɗungurungum ranar da ake neman sa? Ba wanda ya sani, takarda ba ta barin sawu. Rahoton cibiyar masana lafiya ta Amurka, Institute of Medicine, na 1999 da ya ce mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin Amurka saboda kuskure, ai na zamanin takarda ne. A 2008 ma asibitocin Amurka da ke da cikakken tsarin fayil a kwamfuta ko na matakin farko ba su kai ɗaya cikin goma ba, sai da dokar HITECH ta 2009 ta zuba biliyoyin daloli kafin kowa ya ruga.

Kwamfuta tana rubuta wa ya danna me, ƙarfe nawa, shi ya sa laifinta ke fitowa fili. Jason Adelman a asibitin Montefiore na New York ya fito da wata dabara: a zaƙulo duk inda likita ya rubuta wa majinyaci umarni, ya soke shi cikin minti goma, ya sake rubuta shi ga wani majinyacin daban cikin minti goma. Da aka kira likitocin aka tambaye su, kusan uku cikin huɗu suka ce e, fayil ɗin wani suka buɗe. Ya ƙiyasta umarni sama da 5,000 a shekara guda. Sadiq zai ce an rubuta wa mutum 5,000 maganin wasu. Alhali umarni miliyoyi aka rubuta a shekarar, waɗannan kuma waɗanda likita ya farga ya soke ne, sannan ba mu da adadin takarda da za mu ajiye a gefensa.

Sadiq:
Ni dai yau na shiga uku a zauren nan.

Malam Nuhu:
Haƙuri za ka yi. Tunda an ambaci Adelman, akwai wani aikinsa da nake koyar da ɗalibai da shi. Kowa ya ɗauka in aka hana likita buɗe fayil fiye da ɗaya a lokaci guda, rubuta wa wani maganin wani zai ragu. Hankali ma ya yarda da haka, hukumomi sun ba da shawarar haka. Ya raba ma'aikata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu fayil ɗaya, wasu har huɗu, aka wallafa a JAMA a 2019. Ba a ga bambanci ba. Irin wannan gwajin na ƙuri'a ba shi da yawa a fannin nan, in kika samu ɗaya ki ba shi nauyi fiye da goma na "kafin da bayan".

Zainab:
Malam, ga wani da na samu, JAMA 2018. An duba rahotannin kuskure miliyan 1.7, akasarinsu daga asibitocin Pennsylvania, 557 kacal suka nuna wahalar amfani da manhaja ta taimaka wajen abin da ka iya cutar da majinyaci. Kashi 0.03 ke nan. Wannan ba hujja ce ga Injiniya ba?

Malam Nuhu:
A'a, ko shi Injiniya ba zai so ki kafa masa hujja da wannan ba. Na farko, masu binciken sun ƙirga rahoton da ya ambaci sunan ɗaya daga manyan kamfanoni biyar ne kawai, kuma su da kansu suka ce adadin ƙasa yake da gaskiya. Na biyu, rahoton kuskure abu ne da ma'aikaci ke cikewa in ya ga dama. A 2012 ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya ta Amurka ya bi fayil ɗin majinyatan da ke ƙarƙashin Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati, waɗanda aka tabbatar sun cutu, ya tarar kashi 14 cikin 100 kacal suka shiga rahoton asibiti. Rahotannin nan suna gaya miki irin kuskuren da ake yi. Yawansa kuwa, ba sa iya gaya miki. Asibitin da ya fi kowa yawan rahoto ma wata sa'a shi ya fi kowa kula, don ma'aikatansa ba sa tsoron faɗa.

Sista Hauwa:
Ƙwarai. Kuma ƙanwata, ki san yadda ake cike fom ɗin. An tashi aiki, ƙafa ta kumbura, a kwamfutar nan dai da ta wahalar da ke za ki cike shi. Abin da za ki rubuta shi ne "an ba da magani a makare". Ba za ki rubuta cewa umarnin yana can ƙasan allo sai an ja shafi kafin a gan shi ba, don ke kanki kin ɗauka laifinki ne da ba ki ja ba.

Injiniya Kabiru:
Irin wannan na jan shafi sau da yawa asibiti ne ya saita haka, ba kamfani ba. Akwai jarrabawar da ƙungiyar Leapfrog ke yi: a shigar da majinyatan bogi a tsarin asibiti, a rubuta musu umarni masu haɗari, a ga ko zai tare. David Classen ya wallafa sakamakon shekara goma a 2020. A 2009 ana tare kusan kashi 54, a 2018 kusan kashi 66. Abin da ya fi jan hankalina, asibitoci masu manhajar kamfani ɗaya sun sha bamban ƙwarai a tsakaninsu.

Dokta Bashir:
Injiniya, kashi 66 yana nufin ɗaya cikin uku na wucewa, bayan shekara goma. Kuma wannan magana ta "asibiti ne ya saita" ita ce mafakar kamfanoni tun fil azal. To a bar mu mu gani mana. Shekaru da dama yarjejeniyar sayen manhaja tana ɗauke da sharaɗin da ke hana likita ko mai bincike wallafa hoton allo. Koppel ya yi rubutu a 2009 kan sharuɗɗan da ke wanke kamfani daga alhaki, Institute of Medicine ta koka da sharuɗɗan rufe baki a rahotonta na 2011. Sai da dokar Cures ta 2016 da ƙa'idojin da suka biyo ta a 2020 aka taka wa abin birki. Shi ya sa, Malama Zainab, za ki ga tsofaffin takardu da yawa suna cewa "wata manhajar kasuwa", ba suna, ba sigar da aka yi amfani da ita, ba hoto. A gwajin magani wa zai karɓi takardar da ta ce an ba majinyata "wata ƙwaya"?

Injiniya Kabiru:
Kamfani ma yana da haƙƙin kare fasaharsa daga masu kwafa, Dokta. Amma in batun ran mutum ne, ban da ta cewa, a nuna allon.

Hajiya Rabi:
Tunda an zo kan kamfanoni, bari in sa hular edita. Lokacin Ebola a 2014, mutumin da ya je Dallas daga Laberiya ya je asibiti da zazzaɓi, aka sallame shi, ya dawo bayan kwana biyu jiki ya rikice, ya rasu ranar 8 ga Oktoba. Asibitin ya fitar da sanarwa cewa nas ta rubuta daga Afirka ya zo, amma wata matsala a manhaja ta hana bayanin bayyana a ɓangaren likita. Kafofin labarai suka ɗauka suka yaɗa. Washegari asibitin ya janye, ya ce manhaja ba ta da aibi, bayanin yana inda kowa zai iya gani. Waɗanda suka buga ta farko da manyan baƙaƙe, ta biyun a ƙasan shafi suka saka ta. Sanarwar farko daga wanda ake tuhuma, ko asibiti ne ko kamfani, ki rubuta ta da "in ji", ki bar wa kanki ƙofa.

Sannan ki duba wa ya biya kuɗin binciken, wa ke aiki da wa. Ba zargi ba ne. A 2017 kamfanin manhaja eClinicalWorks ya biya dala miliyan 155 kan tuhumar ya yaudari masu tantance manhajarsa. A 2020 wani kamfanin manhaja, Practice Fusion, ya biya miliyan 145, bayan ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga kamfanin magani ya dasa gargaɗin da ke tura likitoci rubuta magungunan kashe zafi masu sa jaraba. Gargaɗin da likita ke ɗauka na kare majinyaci ne, ashe talla ce.

Dokta Bashir:
Ƙari a kan na Hajiya: adadin da kamfani ya bayar daban, wanda na waje suka auna daban. Kamfanin Epic yana da manhajar da ke hasashen sefsis, wato lokacin da ƙwayar cuta ta birkita jiki gaba ɗaya, ɗaruruwan asibitoci suna amfani da ita. A ma'aunin da 0.5 ke nufin canki-canki, 1 kuma ba kuskure, kamfanin ya ce tana tsakanin 0.76 da 0.83. Jami'ar Michigan ta gwada a kan kwanciyar asibiti sama da 38,000, ta wallafa a 2021: 0.63. Manhajar ta rasa kashi 67 na masu ciwon, kuma ta fitar da gargaɗi a kan kashi 18 na duk waɗanda aka kwantar. Sista, ga ƙarin akwatunanki.

Sadiq:
Tambaya ta gaskiya wannan karon. Maganar nan da ake yawan kawowa, cewa kuskuren asibiti shi ne na uku wajen kisa a Amurka, a saka ko a bari?

Malam Nuhu:
A bari. Daga wata maƙala ce ta Makary da Daniel a mujallar BMJ, 2016, mutum 251,000. Ba sabon bincike suka yi ba, sun ɗauki 'yan binciken da aka yi a baya ne, masu mace-mace kaɗan, suka ninka a kan duk ƙasar. Masana fannin irin su Kaveh Shojania da Mary Dixon-Woods sun yi mata raddi mai ƙarfi. Kuma ba ta ce komai a kan kwamfuta ba.

Zainab:
To Malam, in takarda ta zo hannuna gobe, ta ina zan fara?

Malam Nuhu:
Ba daga taƙaitawar sama ba. Tsallaka sashen da suka faɗi yadda suka yi aikin. Akwai ƙa'idar rubuta irin wannan bincike da aka fitar a 2009, STARE-HI, wadda ta nemi marubuci ya bayyana tsarin da wurin da aka kafa shi, ba sakamako kawai ba. In ba su faɗi wace manhaja ba, ko wane sashe, ko me aka sauya tare da ita, ki aika wa marubucin saƙo, yawancinsu suna amsawa. Ki tambayi yaushe aka auna, don watannin farko lokacin ruɗani ne, abin da aka gani a wata na uku ba lallai ya zama na shekara ta uku ba. Sai kuma wanda mutane ke mantawa: daga ina bayanan suka fito? In daga cikin fayil ɗin kwamfutar aka ciro su, to abin da ake tuhuma shi ne ke ba da shaida. A 2017 an duba rubutun likitoci a San Francisco, kashi 18 kacal aka rubuta da hannu sabo, kashi 46 kwafowa aka yi, kashi 36 manhaja ce ta jawo. Ciwon da ya warke tun makon jiya yana iya ci gaba da bayyana a fayil kullum kamar yau aka gan shi.

Aminu Famasi:
Akwai ma wanda ba ya bayyana a ko'ina. Asibitin tsoffin sojojin Amurka da ke Spokane ya koma sabuwar manhajar Cerner a Oktoban 2020. In likita ya rubuta umarni, a ce hoton ƙirji ko tura mutum wurin ƙwararre, ya zaɓi wurin da tsarin bai gane ba, umarnin ba ya dawowa, ba ya kuma isa. Yana faɗawa wani layi ne da ba wanda aka ɗora wa duba shi, likita kuma yana ganin ya tafi. Babban sufeton ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ya ce umarni sama da 11,000 suka maƙale a can, an samu cutarwa 149. Ba gargaɗin da aka tsallake, ba umarnin da aka soke, dabarar Adelman ma ba za ta kama shi ba.

Injiniya Kabiru:
Irin wannan layi kusan kowane tsari yana da shi, don kada umarni ya ɓata gaba ɗaya. Aibin shi ne ba a gaya wa ma'aikata yana nan ba, ba a kuma sa kowa gadinsa ba.

Dokta Bashir:
Wa ya kamata ya gaya musu, Injiniya?

Injiniya Kabiru:
Wanda ya gina shi. A wannan kam ba zan kare kowa ba.

Hajiya Rabi:
Zainab, in za ki sa na Spokane, ki kula da kwanan wata. Rahoton sufeton na Yulin 2022 ne, abin da ya ƙirga kuma daga Oktoban 2020 zuwa Yunin 2021. Kamfanin Oracle ya sayi Cerner a 2022, sunan ya sauya, kada ki rubuta kamar jiya abin ya faru. Ki nemi martanin kamfanin da na ma'aikatar kafin ki miƙa, ko da "ba su amsa ba" za ki rubuta. Turo min daftarin ta akwatina in duba kafin editanki ya gani.